Hannun Baba da Bakin Injin Huda

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki, kuma aiki yana tafiya. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarku kullum cewa take kin yi mana rowar ƙafa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san ni da waya, ƙarar zarto ta gama cinye min kunne, ana magana ina ta "na'am, na'am" kamar wanda ake kira daga cikin rijiya. Kuma maganar nan ba ta ɗaga murya a tsakar gida ba ce. Direban da ke kawo mana katako zai ba ki wannan takarda tare da kwali. Injina na huda ne a ciki. Yayanki bai san na aiko ba, mahaifiyarku ma haka.

Auta, injin ya daina riƙe min tsinke. Sai in saka tsinken huda a bakinsa, in ɗaure da ɗan mabuɗin a duka ramukan uku kamar yadda na koya muku, in ɗora a katako in danna. Injin ya yi ta kuka, bakin yana juyawa, tsinke yana tsaye cik. Wani lokaci kuma ya kama rawa, ya bar inda na sa alama ya tafi yawonsa.

Kwanakin baya ina huda ramin makulli a ƙofar kabad ɗin wata malamar makaranta, tana tsaye a kaina, tsinken ya zame ya ja dogon zane a fuskar ƙofar da na gama gogewa. Matar ta dubi ƙofar, ta dube ni. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi. Kallon da ta yi min shi ne wanda ake yi wa tsohon da ya zubar da shayi a rigarsa. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan ta tafi yayanki ya karɓi injin, ya saka tsinke, ya murɗe, ya huda wani guntun katako a gabana, sumul. Ya ce, "Baba, ka gani? Injin lafiyarsa ƙalau. Hannun ne ya gaji, ba ya iya ɗaurewa yanzu. Ai ba abin kunya ba ne." Na so in ce bakin ne ya lalace, sai na tuna ke kika saka min shi bara da hannunki, sabo fil, kuma aikinki ba ya mutuwa da wuri haka. Na karɓi injin na ajiye.

Tun daga nan maganarsu ɗaya ce shi da mahaifiyarku: in huta, in bar masa shagon. Ni kuwa in na zauna a gida me zan yi? In ƙirga kaji?

Ga abin da nake so da ke, likitan injuna. Tunda gyaran su shi ne abincinki, ki buɗe shi ki duba. Kada ki ji tausayina, kada ki yi min kara. In kin ce injin ba shi da laifi, to hannuna ne ya mutu, zan miƙa wa yayanki makullin shago in koma gida. Ba zan zama kafintan da ake ba shi aiki don tausayi ba. Maganarki kaɗai nake jira.

Ki gaida maigidanki. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba


Zuwa ga Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyali. Gaisuwata ke nan, don ba ni da bakin doguwar gaisuwa yau.

Injin hudar Baba yana kan teburina. Shi ya aiko min, ya ce in duba in faɗa masa ko injin ne ko hannunsa ne. Na san ba ka sani ba, to yanzu ka sani.

Da farko na ɗauka garin katako ne ya cushe haƙoran nan uku da ke cafke tsinke. Na hure, na wanke da kananzir, na ɗiga mai. Na saka siririn tsinke irin wanda Baba ke huda wurin hinji da makulli da shi, na ɗaure iya ƙarfina. Da yatsu biyu na zaro shi. Na haska ciki da tocila, sai ga haƙoran sun suɗe sumul, ɗaya ma yana baya da 'yan'uwansa. Raina ya ɓaci da kaina, na ce wane irin kaya na saka wa ubana bara?

Sai na ce bari in cire bakin gaba ɗaya. Na buɗe haƙoran har ƙarshe don in kai ga sukurun da ke can ciki. Ka san shi, tunda kun gaisa. Shi wannan sukurun zarensa a baibai yake, hannun dama ake juya shi ya kunce. Wanda ya riga ni zuwa bai san haka ba. Ya yi ta murɗa shi hagu da ƙarfin tsiya har ya cinye masa kai, sannan ya gane, ya cire shi da ƙyar, ya yanka masa sabon tsagi da zarton ƙarfe ya mayar.

Na ɗaure mabuɗi mai lanƙwasa a bakin, na buga da gudumar katako, bakin ya kwance. Na juya bayansa. Yaya, akwai gicciyen da na ja da magagari. Ni na ja shi bara, ranar da na cire wannan mataccen bakin na ce a jefar. Baba da ba ya yar da ƙarfe ya wurga shi cikin gwangwanin tarkace a ƙarƙashin teburinsa. Wani ya tono shi, ya goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, ya cire sabon da na saka, ya ɗaura wannan.

Ko a nan ban kawo ka a raina ba. Wallahi ban kawo ka ba. Na ce ko wani ne ya ari injin ya yi masa ƙwange. Sai na ɗaga sukurun a hasken taga, na ga farin abu ya bushe a zarensa. Na kankare da farce. Gam ne, gam ɗin katako. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake shafa wa sukuru gam in yana tsoron ya kwance. Tun muna yara Baba yake dungure maka kai a kan wannan, yana cewa ƙarfe ba katako ba ne.

Kuma na gane dabarar da ka nuna masa. Kauri ne da tsinken da ka saka, ko ba haka ba? Katakon kuma mai taushi. Mataccen baki ma yana riƙe tsinke mai kauri in ƙato kamarka ya murɗe shi.

Ka tsaya a gabansa ka ce masa hannunsa ya gaji. Hannun da ya ciyar da mu. Na zauna a shagon mutane ina kuka kamar yarinya, har mai shagon ya ɗauka rasuwa aka yi min.

Ban rubuta wa Baba komai ba tukuna. Ka faɗa min me ya sa.

Ƙanwarka


Zuwa ga ƙanwata, Madam Injiniya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da maigidanki, ina fata zuciyar ta ɗan sauka. Na karanta takardarki, na ce lallai an tashi da ƙafar faɗa. Kin yi bincike, kin kama ɓarawo, saura ki kira 'yan sanda.

To, ni ne. Sabon bakin yana kan nawa injin, ban sayar ba, ban jefar ba. Amma kafin ki rataye ni, ki saurara, don ke kina can nesa, mu muke nan da shi.

Kin san Baba ya yi jiri a kan tsani yana ɗaura kantar wani kanti? Ni na tare tsanin da kafaɗata. Da ya sauko cewa ya yi takalminsa ne ya zame. Na roƙe shi ya daina hawa sama, ya ce ni ban isa ba. Na ce ya zauna ya riƙa ba da umarni kawai, ya ce shi ba gunki ba ne. Mutumin nan ba ya jin maganar mutum, ke ma kin sani. Maganar kayan aiki kaɗai yake ji. To sai na sa kayan aikin suka yi masa magana. Mene ne laifin a ciki?

Kuma tunda gaskiya kike so, ga sauran. Shagon nan ya tsaya wuri ɗaya tun ina goye. Akwai wanda zai kawo babban injin yanka da gogewa mu haɗa gwiwa, aikin da muke wata muna yi a gama shi cikin kwanaki. Ya ce ba zai shiga shago mai kai biyu ba, kuma wurin da injin zai zauna shi ne inda teburin Baba yake. Na tuntuɓi Baba, ya ce sai dai in bayan ransa. To in jira ransa? Furfura ta fara fito min, amma har yau in mai aiki ya shigo sai ya leƙa bayana ya ce, "Ina mai shagon?" Ke an bar ki kin tafi kin zama wani abu. Ni aka ajiye ina miƙo guduma.

Kada kuma ki ce za ki kai ƙarata wurin Mama. Ta sani. Ba ita ta kawo shawarar ba, amma ita ta ɗauko min injin daga ɗakinsa ranar da ya tafi gaida abokinsa a asibiti. Ta ce gara mijinta yana zaune a gida da ɓacin rai da a kawo mata shi a kwance. Je ki ce mata ba ta son sa.

Saboda haka ga roƙona, Auta. Ki mayar da bakin yadda kika same shi, ki rubuta masa cewa injin lafiyarsa lau. Layi biyu kawai. Zai ji zafi na ɗan lokaci, ya saba. In kuwa kika faɗa masa, ba ni kaɗai kika tona ba, har da uwarki, kuma gidan nan ba zai sake zama daidai ba. Ke za ki karanta labari daga nesa, mu za mu zauna cikin tokar. Ki yi tunani da kanki, ba da zuciyarki ba.

Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki gaida mutanen gidanki.

Yayanki


Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Direba ya zo har sau biyu hannu rabbana. Na tare shi a bakin titi na ce, "Ba saƙo?" Ya ce, "Baba, sai dai gaisuwa." Gaisuwa na aike ki nema?

Na fahimci shirun naki. Kin duba kin ga injin ba shi da laifi, kin rasa yadda za ki faɗa wa tsoho. Ba komai, 'yata. Kin gado ni wurin rashin iya faɗin magana mai ɗaci.

Na je wurin likita ban gaya wa kowa ba. Ya ce in matse masa yatsu, na matse har ya yi ƙara, ya ce hannuna ya fi nasa. Ban yarda da shi ba. Yaro ne, kuma bai taɓa huda katako ba. Na sayi ƙaramar ƙwallon roba ina matsawa a aljihu in ba kowa. Da safe in na ɗauki kofi sai in tsaya ina kallon ruwan, ko zai girgiza. Wani lokaci ina ganin kamar yana girgiza.

Na fara kwashe kayana daga teburi. Kurfunan sassaƙa na naɗe su a tsumma, zartuna na shafa musu mai. Jiya na shigo na tarar yayanki yana auna wurin teburin da tef, da ya gan ni sai ya ce gyaran ƙasa yake so ya yi. Yaron kirki ne, yana ta lallaɓa ni, har kujera ya sayo min mai taushi.

Ki rubuto, ko kalma ɗaya ce. Ba na so in miƙa makullin nan sai da shaidarki.

Allah ya yi miki albarka.

Baba


Yaya,

Salama. Baba ya sake rubuto min. Yana yawo da ƙwallon roba a aljihu yana matsawa a ɓoye. Yana kallon kofi da safe ko hannunsa zai girgiza. A cikin takardar ya kira ka yaron kirki.

Na yi tunani da kaina kamar yadda ka ce. Ba zan rubuta layi biyun nan ba. In tsani kake tsoro, da ka kira ni mun taru mun yi masa taron dangi a kan tsani. Ba tsani ka auna da tef ba.

Direba zai taso da injin jibi. Ka faɗa masa da bakinka kafin ya iso, ya fi maka.

Ƙanwarka


Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina neman afuwar shirun da na yi. Maigidana yana gaishe ka ƙwarai.

Baba, hannunka lafiyarsa lau. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da fargaba. Ka ce kada in yi maka kara, ban yi ba. Bakin da ke kan injin nan, ko wane ne ya ɗaure shi ba zai riƙe siririn tsinke a katako mai tauri ba. Na gwada, mai shagonmu ya gwada, wani maƙeri maƙwabcinmu mai damtse kamar turmi shi ma ya gwada. Duk ya zame mana.

Na saka masa sabon baki da sabon sukuru. Na wanke ciki, na sa man giris, na canza masa igiyar wuta don ta fara tsagewa kusa da mariƙi. Na huda ƙarfe da shi, na huda katako, bai yi gardama ba. Ka riƙa hure garin katako daga haƙoran in ka tashi aiki, ka ɗiga mai kaɗan. Na san ka fi ni sani, amma likita ba ya sallamar mara lafiya ba tare da surutu ba.

Yanzu ga mai wuyar. Bakin da na cire ba shi ne wanda na saka maka bara ba. Tsohon ne, wanda na ce a jefar ka ƙi. Ka juya bayansa za ka ga gicciyen da na ja masa. Bai fito daga gwangwani ya hau injin da ƙafarsa ba.

A cikin kwalin akwai ƙaramar leda, na sa bakin da tsohon sukurun. Ka sa tabarau ka dubi zaren sukurun a haske. Ba zan rubuta suna ba, hannuna ya ƙi. Kai ka koya mana gane aikin mutum ko ba ya nan, za ka gane wannan.

An roƙe ni in ce maka injin ba shi da laifi. Na kwana biyu ina juya maganar, kuma ina jin kunyar cewa na juya ta ma. Abin da za ka ji yanzu zai fi zanen ƙofar malama zafi, na sani, kuma ni na aiko maka shi. Amma ka tambaye ni gaskiya, kuma ba zan iya barin ka kana tuhumar hannunka har ƙarshen rayuwarka ba.

Roƙona ɗaya: ka bar hawa tsani. Wannan ba dabara ba ce, ni ce nake faɗa maka a fili, kuma zan zo in maimaita a gabanka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta


Autata,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso. Babu wanda ya faɗa min komai kafin isowarsa.

Na ɗauki katako mafi tauri a shagon na huda. Tsinke ya shiga inda na sa alama, ya fito inda nake so. Makulli yana aljihuna, kayana sun koma kan teburi. Tsani na bar shi, tunda a fili kika roƙa.

Ban nemi tabarau ba, farcena ya gane gam ɗin. Da muka zauna cin abinci na ajiye sukurun a tsakiyar tire. Yayanki ya fara, "Baba, don lafiyarka ne," na ɗaga masa hannu. Mahaifiyarku ta kalli sukurun ta kawar da kai. Ba ta tambayi mene ne ba. A nan na san su biyu ne.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Jaririn da matar yayanki ta haifa, tun da ya zo duniya ban ɗauke shi ba. Duk sanda aka miƙo min shi sai in ce rigata da garin katako. Tsoro nake kada hannuna ya sake shi. Ubansa yana tsaye yana jina ina faɗin haka, sau nawa, bai taɓa cewa komai ba.

Shagon zan iya yafewa, Auta. Ƙofar malama ma haka. Wannan kuwa ban sani ba tukuna.

Yau da safe na ce a kawo min yaron. Ya yi nauyi, har ya iya riƙe wuyansa. An ce tuni ya fara gane fuskokin mutanen gida. Ni da ya kalle ni sai ya fashe da kuka.

Allah ya yi miki albarka.

Baba